Yadda za ka sayi tsohuwar karaban a Kumasi, ka riƙe ta ba ta cinye maka jari ba

Karaban, doguwar motar nan mai ƙofa biyar da faffaɗan but, ita ce abin hawan mai iyali da ƙaramin ɗan kasuwa a zangunan Kumasi. Da safe ta kai yara makaranta, da hantsi ta kwaso dilar gwanjo daga Kejetia zuwa Aboabo, idan Sallah ta matso a cika ta da mutane da tsaraba a nufi Tamale ko Bawku. Akasarin waɗanda ke yawo a titi sun haura shekara 15, wasu har 25, kuma sun riga sun yi wa wani bauta a Jamus ko Holan ko Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su a Tema. Abin da ka miƙa wa dillali somin-taɓi ne. Sauran kuɗin motar za ka riƙa biya kaɗan-kaɗan a hannun fita (wato makaniki) da mai kayan gyara, kuma yawansa ya rataya ne a kan abin da ka yi kafin saye da kuma cikin watan farko.

Mataki na farko: ka fara da Magazin

Kafin ka leƙa inda ake jera motoci, ka ware yini guda ka shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan gyara ta Kumasi. Ka rubuta sunan mota biyu ko uku da ranka ke so, ka bi shaguna kana tambayar kuɗin lagireto, famfon ruwa, shokozoban baya, ƙwaƙwalwar inji (kwamfutar da ke sarrafa shi) da gilashin ƙofar but na kowacce. Motar da aka ce maka "akwai, sabo kake so ko hom-yus?" (wato tsohon kayan da aka yi amfani da shi a ƙasar waje) za ta riƙu. Wadda aka ce "bari in kira Abossey Okai" (kasuwar kayan gyara ta Accra) ko "sai an yi oda", ka sani duk ranar da abin ya lalace za ta yi mako tana shan rana a gareji. Da gangan na sa gilashin but a lissafin. Inji da giya da ƙafafun gaba na karaban iri ɗaya ne da na 'yar'uwarta salun, don haka ba sa wuya, amma ƙofar baya da gilashinta da fitilunta nata ne ita kaɗai. Ɗan okada ya gwabje ka ta baya a Anloga Junction, sai ka yi wata kana yawo da leda a manne.

Kowace mota tana da lalurarta sananniya. Opel Astra, musamman ta 1998 zuwa 2004, ta daɗe tana aikin tasi, ba lungun da ba a san ta ba a Magazin. A wasu masu inji 1.6, ƙwaƙwalwar a jikin injin aka ɗaure ta, zafi ya yi ta dafa ta har mota ta riƙa mutuwa idan ta ɗau zafi, ta tashi bayan ta huce. Koyil ɗinta yana mutuwa, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji yana toshewa da baƙi sai inji ya riƙa karkarwa a tsaye. Duk wannan da sauƙi, domin kayan suna nan birjik.

Toyota Matrix da Pontiac Vibe na 2003 zuwa 2008 inji ɗaya suke ɗauke da shi, irin na Corolla mai 1.8, kuma akwai shi a Avensis mai dogon baya. Sarƙa ce ke juya shi maimakon bel, wannan ya rage maka ciwon kai guda. Na shekarun farko suna shan baƙin mai idan zobban fistin suka gaji. Suna da tsada wajen saye, amma ranar sayarwa ba ka roƙon kowa.

Passat ta 1997 zuwa 2005 daɗi gare ta a doguwar hanya, sai dai ƙafafunta na gaba hannu takwas ne, huɗu kowane ɓangare, kowanne da bushin ɗinsa da bol-joyin ɗinsa, kuma ramukan unguwa da tudun rage gudu suna cinye su ɗaya bayan ɗaya. Tana kuma da magudanar ruwa a ƙarƙashin batir. Ganye ya toshe ta, ruwan damina ya gangaro cikin mota ya jiƙa akwatin da ke sarrafa gilasai da makullai a ƙarƙashin kafet. Tsohuwar Benz mai dogon baya da aka daina ƙerawa a 1996 ƙarfe ce ta gaske, amma bayanta da man haidurolik yake ɗaga kansa, kuma ba kowane fita ne ya iya shi ba. Subaru mai inji 2.5 ta yi suna wajen ƙona gaskit, tana kuma son tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya.

A ganina, wanda motar ce za ta nemo masa abinci ya nemi mai injin Toyota idan aljihu ya kai, in bai kai ba Astra, kuma ta fetur mai giyar hannu. Dizal na baya-bayan nan masu matatar hayaƙi a salansa ba sa jituwa da cunkoson cikin gari: matatar tana buƙatar doguwar tafiya da gudu kafin ta ƙone dattinta, wanda kuma zirga-zirgarsa daga Asawase zuwa Adum ce ba zai ba ta hakan ba.

Mataki na biyu: takardu kafin a buɗe bonet

Lambar shasi tana da harafi da lamba 17. Ka karanta ta a jikin motar, ka gwada da ta takardar kwastan da ta DVLA (hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi), ɗaya bayan ɗaya. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar ƙira: 1 zuwa 9 suna nufin 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Da wannan kaɗai za ka kama wanda ya rage wa mota shekaru.

Shekarun suna da nauyi ga mai son yin oda da kansa, domin kwastan na ɗora tara a kan motar da ta wuce shekara 10: kashi 5 cikin 100 na ƙimarta har zuwa shekara 12, kashi 20 har zuwa 15, kashi 50 daga nan zuwa 25, ban da ainihin diyuti da sauran haraji. Shi ya sa motar da ɗan'uwanka ya samo kusan kyauta a Hambog take zama mai tsada a Tema. Ka sa wakili ya fitar maka da ƙiyasin kuɗin a tsarin kwastan na intanet, ICUMS, tun motar ba ta hau jirgi ba.

Motar da ke ɗauke da lambar Togo ko Najeriya, wadda aka shigo da ita da izinin wucin-gadi, ba a biya mata diyuti ba, komai arahar ta. Hukumomi kuma sun sha ƙwace motocin sata da aka kawo daga Amurka da Kanada a hannun mutanen da suka saya da zuciya ɗaya. Idan ciniki ya faɗa, ku tafi DVLA kai da mai sunan da ke kan takarda, kowa da Ghana Card ɗinsa, a juya suna a gabanka. Kada ka bar wannan a hannun yaran da ke tare mutane a bakin ƙofa.

Mataki na uku: dubawa

Ka zo da fitanka, ka biya shi kuɗin yininsa tun daga gida, don kada idonsa ya koma kan la'adar mai sayarwa. Za a ce maka, "Alhaji, wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci." Ka ce madalla, ka ci gaba da aikinka.

Ka je da sassafe, ka roƙi kada a tayar da ita kafin ka iso, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake. Injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi da wahalar tashi. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji da ta jakar iska da ta mai dole su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, cire ƙwanta aka yi. A jona na'urar bincike a ga abin da ƙwaƙwalwa ta ajiye. Motocin Amurka tun daga 1996 suna da wurin jonawa, na fetur na Turai tun daga 2001.

Buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa. Kumfa mai launin shayi da madara alama ce ruwa na haɗuwa da mai. Ka buɗe tankin ruwa tun inji na sanyi, a tayar, ka zuba ido: kumfa na tasowa ba tsayawa, gaskit ya tafi. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya wucewa ruwa ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa.

Daga nan sai baya, inda karaban ke ɓoye sirrinta. A ƙasashen ƙanƙara gishiri ake watsawa a titi, kuma gishirin yana cin ƙarfe daga ƙasa. Ɗaga kafet ɗin but, ka fitar da safaya, ka duba ramin. A hau da ita kan rami ko a ɗaga ta, a duba mazaunin sifirin na baya, da gindin ƙofofi, da bututun man birki. Inda aka shafe da baƙin kwalta sabo fil, ka sa sukudireba ka danna. Inji ana sauya shi a yini biyu, amma motar da tsatsa ta ci mazaunin ƙafarta ta gama yawo, ko mai walda ya ce maka zai iya.

Ta Amurka kuma haɗari da ambaliya ake tsoro, domin da yawa daga gwanjon motocin inshora aka sayo su. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen ruwa, leƙa ƙarƙashin kujera ka nemi busasshen laka da tsatsa a kan dogon da take gudu a kai. Ka bi jikin da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika. Agogonta mil yake ƙirgawa, kowane mil kuwa kilomita 1.6 ne, ko da yake ni ban cika yarda da agogo ba: sulɓin sitiyari da lotsewar kujerar direba da cinyewar robar feda sun fi shi gaskiya.

Akwai kuma wadda aka juya wa sitiyari. Tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da aka ƙera wa Japan ko Ingila sai an mayar da sitiyarinta hagu. Wani juyin yana da kyau, wani kuwa yanke ƙarfe aka yi aka haɗa da walda. Mabuɗin bonet a ɓangaren dama, da waifa da ke kwanciya ta baibai, da dashbod mai alamar yanka, su ne ke tona ta. Irin wannan ni ba na ba da shawarar a zuba iyali a ciki.

Ƙarshe ka tuƙa ta da kanka, aƙalla rabin awa. Ka kunna iyakwandishan ka shiga cunkoson shataletalen Suame ka ga inda allurar zafi za ta tsaya. Ka bi hanyar da ba kwalta ka saurari ƙafafu. In giyar otomatik ce, ka lura ko tana jinkiri ko bugu wajen sauyawa bayan ta ɗau zafi, ka kuma shinshina manta. Ja ne mai kyau, baƙi mai ƙauri kuwa yana nufin ka ce "Allah ya kawo kasuwa" ka juya.

Mataki na huɗu: watan farko

Nan ne mutane ke kuskure. An kashe kuɗi kaf a saye, abin da ya rage an sa rim da tintin gilashi. Shawarata ka rage aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka a gefe tun kafin ciniki, ko da hakan zai sa ka sayi wadda ba ta kai waccan sheƙi ba.

Taimin bel ne farko idan injin mai bel ne. Ba ka san ranar da aka sa na ciki ba, kuma a yawancin waɗannan injuna idan ya tsinke fistin ne ke dukan bawul ya lanƙwasa su, aikin da zai ninka kuɗin bel sau da yawa. Na Astra mai bawul 16 ana sauya shi duk kilomita 60,000 ko shekara 4. A sauya shi tare da abin ɗame shi da famfon ruwa, domin bel ɗin ne ke juya famfon, kuma famfon da ya cije shi zai tsinka sabon bel. Wannan kayan ba a sayen hom-yus ɗinsa.

Sai sanyaya inji, wanda shi ne ya fi kashe tsofaffin motoci a garin nan. Za ka ji fita ya ce, "Maigida, mu cire tamostat, na ƙasar sanyi ne, mu haɗa fanka kai tsaye." Ka ce masa, "Masta, bar min shi, in ya mutu a sa sabo." An ƙera inji ne ya yi aiki a kusan digiri 90. Idan aka cire tamostat, a doguwar hanya ba zai kai wannan zafin ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara fetur, fulogi ya yi baƙi, mai ya tsinke, silinda ta ci. A wasu injunan ma tamostat ɗin ne ke rufe gajeruwar hanyar da ruwa ke zagayawa, in babu shi wani ruwan ba zai bi ta lagireto ba, sai zafin da ake gudu ya ƙaru. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko fanka ba ta kamawa, ko murfin ya daina riƙe iska, ko famfo ya gaji. A nemo dalilin. A wanke lagireto ko a sauya, a sa sabon murfi, a canza duk tiyon da ya kumbura ko ya bushe, a zuba ruwan kulan na gaske. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gasa da tsatsa a ciki, yadda suke yi wa butar shayi. Kuma duk ranar da allura ta haura, ka tsaya nan take ka kashe. "Bari in ƙarasa gida" ita ce ke mayar da aikin tiyo ya zama aikin gaskit da wanke kan inji.

A juye baƙin mai, a sauya matatarsa, a sa wanda littafin motar ya faɗa. Mai kaurin nan 20W-50 da ake zuba wa kowace mota bai dace da injin da aka ƙera wa 5W-30 ko 10W-40 ba. Jabun mai ya yi yawa, ka saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, a buɗe galan a gabanka. Da ƙurar hunturu da tsayuwar cunkoso, kilomita 5,000 ya isa a juye, matatar iska kuma a riƙa duba ta duk wata daga Disamba zuwa Fabrairu. Man birki ma a sauya, yana shan danshi.

Abu guda da za ka sa wa ido a gareji: tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana da ƙarafa masu tsada a ciki, akwai masu saye. Idan an ce ta toshe a fasa, ka nemi a nuna maka shaida a na'ura, in kuma an cire, taka ce, ka karɓi abarka.

Mataki na biyar: lodi da taya

Faɗin but yana ruɗar mutane. Yawancin ƙananan karaban nauyin da aka yarje musu bai wuce kilo 500 ba ko ɗan sama da haka, har da mutanen ciki. Yana rubuce a jikin ƙofa ko a littafi. Manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Saura buhun shinkafa uku masu kilo 50, shi ke nan. Mu kuwa sai a ɗora buhu shida, a ɗaure doya da akuya a sama, a kama hanyar Techiman zuwa Kintampo. Sakamakon shi ne karyewar sifirin, tsiyayar shokozoba, kukan boris na baya, taya na cin gefe, birki kuma yana ɗaukar zafi a gangara. In lodi ne sana'arka, a sa maka sifirin mai ƙarfi na karaban, kada a sa na salun don ya fi araha, kuma kaya masu nauyi su zauna kusa da bayan kujera, ba bakin ƙofa ba. Robar da ake cusawa a ɗaga mota tana ceton ƙarƙashinta daga tudu, amma in ta yi yawa shaf da bol-joyin ne ke biya.

A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar hom-yus mai zane raɗau tana iya zama tsohuwa da ta bushe, wata kuma ta ƙanƙara ce da ba ta jure zafin kwalta. Ka ƙara iska a na baya idan za ka yi lodi, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙofa.

Mataki na shida: lissafin shekara

Akwai kuɗin da ba makawa. Takardar lafiyar mota ta DVLA sau ɗaya a shekara ga motar gida, duk wata shida ga ta haya mai ruwan ɗorawar lamba. Inshorar da ke kare wanda ka yi wa ɓarna wajibi ce a doka. Bayan ka biya, ka danna *920*57# a wayarka ka sa lambar motar ka tabbatar ta shiga rumbun hukumar inshora, don akwai sitika ta bogi. Ka ajiye abin kashe gobara da alwatikar gargaɗi da safaya mai iska, su ne 'yan sandan kula da hanya (MTTD) ke fara tambaya.

Fetur ne babban mai ci, kuma farashinsa na motsi sau biyu a wata. Ka auna da kanka: cika tanki, rubuta kilomita, ka yi yawonka, ka sake cikawa. A ce motar na shan lita 9 a kilomita 100, kana yin kilomita 1,500 a wata, lita 135 ke nan, sai ka ninka da farashin ranar. In ka ga ta haura zuwa 13 ko 14 ba tare da ka sauya hanya ba, a duba tamostat da sensan salansa da fulogi da iskar taya. Masu mayar da mota gas suna samun sauƙi, sai dai tukunyar tana cin rabin but ɗin da ka sayi motar dominsa, kuma aikin na ƙwararre ne kawai.

Kayan gyara dala suke bi. Wanda ya riƙe mota a 2022, lokacin da sidi ya faɗi warwas, ya ga yadda farashi ke sauyawa tsakanin safe da yamma. Don haka ka buɗe wa motar adashinta, ko a wurin mai susu ko a wani asusun MoMo daban, ka riƙa jefa wani abu duk mako ko lafiyarta ƙalau. Bel, famfon ruwa, birki, boris da matata a saye su sababbi. Ƙofa, fitila, kik, altaneta, giya da ƙwaƙwalwa hom-yus ɗinsu sau da yawa ya fi sabon jabu. Duk abin da aka cire a motarka a ba ka tsohon a hannu, kuma ka saya wa motar ɗan littafi kana rubuta rana da kilomita da abin da aka sauya.

Idan ranar sauya inji ta zo, ka duba jikin motar tukuna. In tsatsa ta ci ƙasa, sayar da ita ya fi. In jikin na da kyau, ka je Magazin da fitanka da lambar irin injinka a rubuce, domin masu 1.6 kaɗai iri-iri ne kuma wayoyinsu ba sa shiga juna. A buɗe murfin sama a ga ko akwai daskararren mai, a juya injin da sifana a ji matsinsa. Ku yi yarjejeniya a gaban shaida kan kwanakin gwaji da za a karɓa in ya ƙi, a rubuta lambar injin a kan rasit. Sabon bel da famfon ruwa da robobin hana tsiyayar mai na gaba da baya kuwa a sa su tun injin yana ƙasa, kafin a ɗora shi.